Yadda za ku shirya yaro mai buƙata ta musamman ya karɓi sakramenti

Toh katikis da iyaye, abin da ke hana yaran nan karɓar Komuniyon na farko yawanci haddar katikizim ce, ana zaunar da yaro mai otizim (lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane) ko mai jinkirin fahimta ana masa tambaya, in ya kasa amsa sai a ce ya jira baɗi, baɗi ta zo a sake cewa ya jira. Coci fa ba ta ce haka ba. Dokar coci ta 913 cewa ta yi yaro ya gane asirin Kristi gwargwadon ƙarfinsa. Tun 1910 ma Paparoma Pius na 10 ya ce abin nema shi ne yaro ya bambance gurasar Yukaris, wato wadda aka tsarkake a Misa, da gurasa ta yau da kullum. Bishop-bishop na Amurka kuma a jagorar da suka fitar a 1995 suka sabunta a 2017 sun ce ko da alama, ko yanayin jiki, ko shirun girmamawa yaro ya nuna ya bambance, ya isa, ba sai ya faɗa da baki ba.

Ku fara zama da iyayen tukuna. Su suka san me ke firgita shi, ƙarar kararrawa ce ko taɓa jikinsa, kuma ta yaya yake cewa i ko a'a. Sannan ku je wurin Fada tare tun farko, kar a bari sai saura sati ɗaya.

Darasi ya zama gajere, kamar minti goma, abu ɗaya tak a kowane zama, da kalmomi iri ɗaya kullum ba canji. Ku samo hotuna, na abinci kala-kala da na Fada ya ɗaga gurasa a bagade, yaron ya ware da hannunsa, wannan abinci ne wannan Yesu ne. Ku kai shi coci lokacin da ba kowa, ya taɓa benci, ya ga jar fitilar da ke ci kusa da tabanako, wato akwatin da ake ajiye gurasar da aka tsarkake, ya yi tafiyar daga kujera zuwa gaba ya dawo, ya sake, har ƙafarsa ta saba.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne ɗanɗano. Gurasar busasshiya ce tana manne wa a dasashi, akwai yaran da ba sa jure irin wannan sam, kuma ba wanda yake son ranar ta zo yaro ya tofar a gaban jama'a. Ku roƙi Fada gurasar da ba a tsarkake ba ku riƙa gwadawa a gida, ɗan gutsure kaɗan tukuna, ku gaya masa a fili wannan ta gwaji ce ba Yesu ba ne tukuna. In ya kasa haɗiyar cikakkiya ba komai, ɗan gutsure ma Kristi ne gaba ɗaya, kuma ana iya karɓa daga ƙoƙon ruwan inabin da aka tsarkake kaɗai in an shirya da Fada.

Wajen ikirari, wato furta zunubi ga Fada, katin hoto na aiki sosai, kamar hoton yaro na duka ko yaro na ƙwace abin wani, shi sai ya nuna da yatsa sannan ya nuna ya yi nadama yadda ya saba nunawa. Kurma na iya zuwa da mai fassara in yana so, shi ma mai fassarar dole ya riƙe sirri. Sakramentin Ƙarfafawa kuwa, wanda bishop ke shafa wa yaro mai a goshi, ku riƙa shafa masa man yau da kullum a goshi a gida, don hannun bishop da ƙamshin man kar su zo masa ba shiri.

Ranar kanta ku zaɓi Misa mara cunkoso, ya zauna bakin benci kusa da ƙofa, wanda ya saba da shi ya raka shi gaba. In kayan bikin na masa ƙaiƙayi ku bar shi da rigar da ya saba sawa.