Yadda Ake Taimaka Wa Wanda Magana Ta Kuɓuce Masa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka gamu da shanyewar ɓarin jiki kan tashi da lalurar da likitoci ke kira afesiya, wato gazawar furta magana ko fahimtarta, galibi saboda illar da ta taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wurin da likitan Faransa Paul Broca ya danganta da magana tun a 1861. Hankalin majinyacin yana nan daram, kalmomi ne suka ɓuya masa. Wanda bai riƙe wannan ba shi ne za ka ji yana ɗaga masa murya kamar kurma, ko yana yi masa magana irin ta yara.

Da farko a kashe rediyo da talabijin, a zauna gaba da gaba, mutum ɗaya ya riƙa magana, kuma kowace jimla ta ɗauki batu guda.

Sai jira, kuma a nan ne yawancin masu jinya ke faɗuwa, har da ni lokacin da nake jinyar mahaifina. Da na ga leɓɓansa na motsi sai tausayi ya kama ni in ƙarasa masa maganar, ina ganin sauƙi nake yi masa, ashe damar gwaji nake ƙwace masa, har ya kai ga ya daina ƙoƙari. Dokata yanzu ita ce, bayan tambaya ka ƙirga goma a zuci kafin ka sake buɗe baki. Idan kalmar ta ƙi fitowa, kada ka ba shi ita gaba ɗaya, ka furta masa sautin farko kawai, misali "ko" idan kofi yake nema. Idan hakan ya gagara, ka ba shi zaɓi biyu ya ɗauki ɗaya.

Kada kuma a yarda da "eh" ko "a'a" ɗinsa kai tsaye, domin mai wannan lalura yakan ce "eh" alhali "a'a" yake nufi. A rubuta kalmomin biyu manya-manya a kan takarda ya nuna da yatsa, sannan a juya tambayar a sake yi.

Bayan haka a haɗa masa littafin hotunan iyalansa da kayan da yake amfani da su kullum. Littafin rubutu na yau da kullum ya wadatar, ba sai an kashe kuɗi a kan manhaja ba. A gwada waƙa da ƙirga da ranakun mako, domin sukan fito ko da sauran magana ta tsaya. Na fi son zaman minti 15 sau biyu ko uku a rana, a dakata da zarar ya gaji. A nemi ƙwararren mai gyaran magana da wuri, saboda an fi samun sauƙi cikin watannin farko, kodayake ci gaba kan ɗore tsawon shekaru.