Yadda za ka riƙe ƙwayoyin gadon da ke gina zuciyar ɗan tayi ba tare da hadda ba

In kun zo babin zuciya a embiryoloji, wato ilimin yadda ɗan tayi ke ginuwa, kar ku fara da haddar sunaye, kanku ne kawai zai ɗau zafi. Ku bi zuciyar yadda take ginuwa, kowane mataki ku liƙa masa ƙwayar gadonsa.

Fara da gani da ido. Samo ƙwan kaza mai zakara, kwantar da shi a inkubeta kan digiri 38 na ma'aunin Celsius har kwana 3, zuƙe ɗan farin ƙwan da sirinji ta gefen mai faɗi, manna salatef a sama ka yanka ƴar taga da almakashi. Za ka ga wani jan ɗigo yana bal-bal a tsakiyar jijiyoyi, da gilashin ƙara girma kuma za ka ga bututu ne da ya lanƙwashe. A mutum wannan bugun yana farawa wajen kwana 22.

Toh sai ka ɗau takarda ka jera. Ƙwayar gadon Mesp1 ce ke fara ware sel ɗin mesodam (shimfiɗar tsakiya ta jikin ɗan tayi) da za su zama zuciya, sai siginar BMP, wato saƙon sinadari da sel ke aika wa juna, ta kunna manyan ukun nan, Nkx2-5 da GATA4 da Tbx5, kuma fa sai an danne wata siginar mai suna Wnt a wurin ko ba a samu zuciya ba, nan ne ɗalibai ke yawan faɗuwa don suna ɗauka kowace sigina kunnawa take yi. Lanƙwasar bututun zuwa dama ka haɗa ta da Nodal da Pitx2 da ke aiki a ɓangaren hagu. Isl1 kuma na sel ɗin da ke zuwa daga baya su gina bentirikul (ɗakin ƙasa na zuciya) na dama da mafitar jini.

Abin da zai sa su zauna daram shi ne ka haɗa kowanne da abin da ke faruwa in ya lalace. Ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace (Drosophila) da ya rasa ƙwayar gadon tinman, ɗan'uwan Nkx2-5, ba ya yin zuciya sam, amma ɓeran da ya rasa Nkx2-5 yana yin bututun, lanƙwasar ce ke gagara. Lalacewar Tbx5 a mutum ita ke kawo ciwon Holt-Oram, huji a zuciya haɗe da nakasar babban yatsan hannu, shi ya sa likita in ya ga jariri da irin wannan yatsa yake tura shi hoton zuciya.