Yadda za ka gano abincin da jikinka ke ƙonawa kana kwance, kafin ka fara rage ƙiba

Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a gidan niƙa ya san cewa da zarar an tayar da inji, ko ba a zuba masa tiya ɗaya ta gero ba, mai yana tafiya. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Kana kwance a kan tabarma ko tsinke ba ka ɗaga ba, amma zuciya na bugawa, huhu na jan iska, hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa kowa na kan aikinsa. Wannan man da jiki ke sha yana hutawa shi ne kaso mafi tsoka: ga mai yawan zama, yakan kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na duk abin da yake ƙonawa a yini. Da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki, ake lissafa shi.

Gwaggona ce ta sa na koyi wannan lissafi. A wani ƙauye take kusa da Ringim. An ce mata a asibiti jininta ya hau, gwiwoyinta kuma sun gaji da ɗaukar ta, don haka ta rage jiki. Sai ta yanke tuwon dare gaba ɗaya, ta koma ruwan zafi da lemon tsami. Ba a yi sati uku ba jiri ya kusa kifa ta a bakin murhu. Da na je gaishe ta, ta ce da ni, "Ɗan nan, ni fa ba na cin komai, amma jikin nan ya ƙi sauka." Abin ya tsaya mini a rai, domin tana ta ragewa ba tare da ta san daga nawa take ragewa ba.

Hanyar da ta fi kowace daidai ita ce ta na'ura. Ana kifa wa mutum wani abu a fuska ko a kansa, na'urar ta auna iskar oksijin da yake shaƙa da wadda yake fitarwa. Kowace lita ɗaya ta oksijin da jiki ya sha tana nufin ya ƙone kusan kalori 5. Irin wannan na'ura sai manyan asibitoci da cibiyoyin bincike. In Allah ya sa ka samu dama, ka je da safe ba ka karya ba, ba ka yi aikin ƙarfi ba, ba shayi, ba taba, ba goro. Na ambaci goro ne da gangan, domin mutanenmu ba sa lissafa shi cikin abinci, alhali sinadarin da ke hana barci a cikinsa yana ɗaga awon. Za a bar ka ka kwanta shiru minti 20 zuwa 30 kafin a fara.

Mu da ke ƙauye, akwai lissafin da ke kai mu kusa. Masana biyu, Mifflin da St Jeor, da abokan aikinsu suka fitar da shi a Amurka a 1990 bayan sun auna mutum 498. Ga yawancin mutane kuskurensa ba ya wuce kashi goma cikin ɗari. Abu uku yake buƙata: nauyi, tsawo da shekaru.

Fara da nauyi. Ka hau sikelin asibitin garinku ko na kyamis, da safe, bayan ka kewaya, kafin karin kumallo. Cire takalmi da babbar riga. Ka riƙe sikeli ɗaya, kada yau ka hau na asibiti gobe na masu awon gyaɗa, domin kowanne da halinsa.

Sai tsawo, kuma a nan aka fi yin kuskure. Tsaya ba takalmi, diddige da baya manne da bango inda ƙasa take a daidaice. Ba hula, mace kuma ta sauke ɗaurin ɗankwali, in da tulin kitso a tsakiyar kai a lura da shi. Wani ya ɗora allo a kwance a kanka, ya yi alama da gawayi a ƙasan allon. Aro tef ɗin tela ka auna daga ƙasa zuwa alamar. Ka duba gefen santimita, ba na inci ba, ka kuma tuna yawancin tef ɗin tela a 150 yake ƙarewa, don haka sai ka yi alama a nan ka ƙara auna ragowar.

Shekaru kuwa kada su tayar maka da hankali. Kuskuren shekara ɗaya kalori 5 kacal yake canzawa. Wanda aka ce an haife shi shekarar da aka kashe Murtala, 1976 ke nan. Wadda aka haifa lokacin da aka ba Jigawa jiha, 1991.

Yanzu ɗauko kalkuletan wayarka. Nauyi sau 10. Tsawo sau 6.25. Haɗa su. Shekaru sau 5, ka cire daga jimillar. In namiji ne ka ƙara 5, in mace ce ka cire 161.

Ga na Gwaggo: kilo 82, santimita 160, shekara 45. Nauyi ya ba da 820, tsawo 1000, sun zama 1820. Cire 225 na shekaru, saura 1595. Cire 161, saura 1434. Wato ko da za ta wuni a gado, jikinta na neman kalori 1434 don kawai ya ci gaba da rayuwa. Wannan lamba ita ce ƙasan rijiya: ba a cin abin da bai kai ta ba sai da sa idon likita.

Mataki na gaba shi ya fi shafar mu, kuma shi ne dalilin da ya sa shawarar da ake kwasowa daga Facebook take cutar da mutanen karkara. Dole a ninka lambar da irin aikin da mutum ke yi. Rahoton masana na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiya ta duniya, wanda ya fito a 2004, ya kasa mutane uku: mai yawan zama a ninka da 1.4 zuwa 1.7, mai zirga-zirga 1.7 zuwa 2.0, mai aikin ƙarfi kamar noman hannu 2.0 zuwa 2.4. Ka faɗa wa kanka gaskiya a nan. Gwaggo a da ita ke daka, ita ke jan ruwa a rijiya, ita ke surfe. Yanzu surukai da jikoki sun karɓe, ita tana zaune tana saƙar faifai, amma kwanon tuwonta bai san an yi canji ba. Da muka ninka 1434 da 1.5, muka samu wajen 2150, wato duk abin da jikinta ke ƙonawa a yini.

Dubi kuma manomi mai shekara 38, kilo 62, santimita 172. Lambarsa ta hutu 1510 ce. Da damina, yana huɗa da noman fartanya tun asuba, a ninka da 2.0: sama da 3000. Da rani, an gama girbi yana zaune a inuwar rumfa yana jiran ciniki, a ninka da 1.5: kusan 2270. Mutum ɗaya, bambancin sama da kalori 700 tsakanin Yuli da Maris. Shi ya sa wasu ke ramewa da damina har wuya ya fito, su kuma ajiye tumbi da rani. Irin wannan manomi da damina ƙari yake buƙata, ba ragi ba.

Mai son rage jiki sai ya cire kalori 400 zuwa 500 daga lambarsa ta yini, wanda kan sauke kusan rabin kilo a sati. Na Gwaggo ya koma wajen 1700. Daga ina za a cire? Ba daga tuwo muka fara ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, ita kuwa takan malala uku a kan shinkafa da wake. Ƙaramin cokalin sukari 16 ne, tana zuba huɗu a koko, ta sake zubawa a fura. Robar lemo ta rabin lita ta haura 200. Soyayyar gyaɗa da ake tauna ana hira, giram ɗari ta kusa 600. Da muka mayar da mai cokali ɗaya, muka raba sukari biyu, muka bar lemo sai ranar biki, lissafi ya cika, tuwon dare ya dawo da miyar kuka, ga zogale da rama a gefe don su cika ciki.

Wannan lissafi ba na mai ciki ba ne, ba na yara ba ne, mai shayarwa ma ƙarin abinci take buƙata. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura ya fara sanar da ma'aikacin lafiya kafin ya rage abinci, kada sukarinsa ya faɗi. Wanda kuma yake ramewa ba da niyya ba, musamman in da tari mai daɗewa ko yawan ƙishirwa da fitsari, asibiti zai nufa, ba kalkuleta ba.

Sai bibiya. Hau sikeli sau ɗaya a sati, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ka rubuta a bayan littafi. Kada canjin kwana ɗaya ya ruɗe ka, yawancinsa ruwa ne. In wata guda ya wuce sikeli bai motsa ba, ko dai ka zaɓi lambar aiki da ta fi ƙarfinka, ko akwai abin da ke shiga baki ba ka lissafa ba. Duk kilo biyar da ya sauka kuma sai ka sake lissafin daga farko, domin ƙaramin jiki ƙaramin mai yake sha. Gwaggo da ta sauka zuwa kilo 77, lambarta ta hutu ta koma 1384, jikanta ya goge tsohuwar a bangon ɗakinta ya rubuta sabuwar da gawayi.