Fentin zanen katun a kan roba

Jama'a, masu son gwada zanen katun irin na da a kan roba mai shara-shara: fentin Cel-Vinyl da aka sani a Amurka yanzu samunsa sai an sha wuya. Ni Flashe na kamfanin Lefranc Bourgeois nake oda, yana kama roba sosai.

Ku ja baƙin layi a gaban robar, fenti kuma a bayanta. Kada ku goga burushi kamar mai fentin bango. Ku ɗiga fentin ya taru, sannan ku tura a hankali zuwa bakin layi. In ya bushe, ku ɗaga a hasken taga, inda haske ya ratso ku ƙara. Ku kifa kwali a kan robar kafin fentin ya bushe, don kare shi daga ƙura. Ƙurar hunturu ta taɓa ɓata min aikin kwana biyu.