Yadda Ake Gina Mai Kishi da Makirci a Labarin Binciken Laifi

Fara da ciwon da yake ɓoyewa: tsoron a guje shi. Sai ka ba shi garkuwa biyu kacal, wato dabarun da zuciya ke kare kanta da su daga damuwa, cikin waɗanda masaniyar halayyar ɗan Adam Anna Freud ta fayyace a 1936. Ta farko, jingina wa wani abin da ke ransa: shi ke sha'awar cin amana, amma matarsa yake tuhuma, yana laluben wayarta da tsakar dare. Ta biyu, nuna akasin zuciyarsa: ya rungumi abokin da ya tsana, yabo har ya wuce kima.

Babban kuskure shi ne a sa ya san yana yaudarar kansa. Bai sani ba, shi ya sa yake da ban tsoro. Bari mai bincike ya gano shi daga zargin da mai kishin ya nanata sau uku ba a tambaye shi ba.