Yadda Ake Ɗaura Kaya A Jikin Motar Daji Da Notin Ribit

Mai Hilux ko Land Cruiser da yake son ɗaura ƙarin fitila, ko mariƙin jarka, ko tukunyar kashe gobara, yakan tarar da wuraren da hannu ba ya iya shiga ta baya domin riƙe noti. A irin wannan wuri notin ribit yake da amfani, domin ta gefe ɗaya ake sa shi, a ja shi ya lanƙwashe ta ciki ya kama ƙarfen, ya bar haƙoran da bol zai shiga. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930 domin liƙa robar hana ƙanƙara a fukafukan jiragen sama.

Idan za ka saya a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da ke Mushin a Legas, ka fara auna kaurin ƙarfen da za ka huda, domin kowane noti yana da iyakar kaurin da yake kamawa. Ka zaɓi na ƙarfe mai zane-zane a jikinsa, saboda mai sulɓi ya fi saurin juyawa a cikin rami. Na alminiyam yana da sauƙin ja, amma a ganina bai dace da bodin ƙarfe a Legas ba, inda danshi da iskar gishiri daga teku suke sa haɗuwar ƙarafa iri biyu ta riƙa cin juna.

A wurin huda ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Kafin ka kunna injin huda, ka leƙa bayan wurin, ka tabbatar babu wayoyi ko bututun mai ko na birki, kuma a ginshiƙan rufi ka kula da jakar iska, wadda take kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari. Notin M6, wato na bol mai kaurin milimita 6, yana son rami na milimita 9, M8 kuwa milimita 11. Ka buga alama da ƙusa, ka fara da ƙaramin baki sannan ka ƙara, ka tsaya daidai ma'auni. Ya kamata notin ya shiga da ɗan turawar yatsa. Idan yana kaɗawa, ramin ya yi faɗi, kuma babu ƙarfin jan da zai gyara shi. Ka goge bakin ramin da samfefa, ka share ɓarɓashin ƙarfen tas, ka shafa fenti ka bari ya bushe, in ba haka ba damina ɗaya ta isa tsatsa ta zagaye wurin.

Wanda ba shi da na'urar ja zai iya amfani da dogon bol mai ƙarfi, da noti da wosha da sifana biyu. Ka ɗaura notin da woshar a jikin bol ɗin, ka shafa ɗan giris, ka murɗa shi cikin notin ribit har ƙarshen haƙora. Ka saka notin ribit a cikin ramin, ka riƙe kan bol ɗin kada ya motsa, ka riƙa ɗaure notin da ke jikin bol ɗin a hankali, bol ɗin yana tsaye cak. Da zarar ka ji sifana ta yi nauyi sosai ka dakata, domin ƙari yana tsinke haƙora. Yana da kyau a fara gwadawa a guntun ƙarfe mai kauri iri ɗaya.

A kan rufi ka sa notin ribit mai rufaffen gindi, ka zagaye shi da gam mai hana ruwa. Kada ka ɗaura ƙugiyar jan mota ko injin ja da notin ribit. Waɗannan sai a jikin shasi, da bol mai ratsawa da faranti a bayansa.