Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Farfaɗo da Tsohon Ogan na Hammond a Gida

Laurens Hammond agogon lantarki yake ƙerawa a Shikago kafin ya fito da ogan ɗinsa na farko, wato kayan kiɗa mai madannai irin na coci, a 1935, kuma wanda ya buɗe bayan irin wannan ogan zai ga hannun maƙerin agogo a ko'ina. Samfurin da ya fi suna, B-3, an fara yinsa a 1954, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 1970. Cocin baƙaƙen fata a Amurka da makaɗan jaz irin su Jimmy Smith ne suka ɗaga darajarsa. Ba shi da bututun iska. Abin da ke ba da sauti faifai ne ƙanana na ƙarfe masu haƙora, guda 91, kowanne yana juyawa a gaban sandar maganaɗisu da aka naɗe da waya. An yi su da ƙarko, shi ya sa wanda ya shekara talatin a ɗakin ajiya yakan tashi. A abin da na gani, ɓarnar da mai gyara ke yi a makon farko ta fi wadda shekarun zaman suka yi.

Kuskuren farko shi ne jona shi da wuta ranar da aka sauke shi daga mota. Robar igiyar wutar ta riga ta bushe tana farfashewa, ɓeraye sun yi sheƙa a ciki, kwandansan da ke cikin amfilifaya, wato ƙananan kayan da ke adana caji, sun tsufa. Ka fara da canza igiyar da fulogi, ka share ƙura da burushi mai laushi, ka sa fis idan babu, domin da yawa daga cikin tsofaffin an yi su ba tare da shi ba. Ka kuma sani cewa amfilifayar tana aiki da bawul na gilashi irin na tsohuwar rediyo, wutar cikinta ɗaruruwan bolt ce, kuma kwandansa tana riƙe caji ko bayan an zare fulogi. Idan ba ka taɓa sauke cajin kwandansa ba, ka kira mai gyaran rediyo ya yi wannan ɓangaren a gabanka. Ina faɗin wannan da gaske, wutar nan tana kisa.

Sai batun irin wutar kanta, wanda mu nan ya fi shafa. Ogan ɗin da aka sayo daga Amurka an yi shi ne don bolt 117 ko makamancin haka, alhali wutar Najeriya da Gana da Nijar ta kai 220 zuwa 230. Kowa ya san a nemi taransifoma mai rage wuta. Abin da ake mantawa shi ne bugun wutar. Injin da ke juya faifan yana bin bugun wutar gari daidai da daidai, kamar na agogon da Hammond ya saba ƙerawa. A Amurka wuta tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, injin yana juyi 1200 a minti. Tamu sau 50 take bugawa, don haka injin zai sauko zuwa 1000, duk sautin ogan ɗin ya faɗi da kashi ɗaya cikin shida. Ka danna madannin muryar C, kunnenka ya ji abin da ya yi kusa da muryar A da ke ƙasa da ita. Taransifoma ba ta gyara wannan, ƙarfin wuta kawai take ragewa. Na ga wanda ya kwance rabin ogan yana neman inda muryar ta lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Ka duba farantin da ke bayan ogan ɗin tun kafin ka biya kuɗi: idan 50 aka rubuta, na kasuwar Turai ne kuma zai zauna da wutarmu, idan 60 ne, sai an haɗa masa na'urar da ke ba injin bugu 60. Ƙaramin janareta kuma ba abokin tafiyarsa ba ne, don duk lokacin da firji ya tashi ko aka kunna dutsen guga, gudun janaretan yana rawa, muryar ogan ɗin ta yi rawa tare da shi.

Inda aka fi yin ɓarna mai wuyar gyara shi ne mai. Faifan nan suna juyawa ne a kan ƙananan bushin na tagulla, wato zobban da sandunansu ke juyawa a ciki, kuma mai yana isa gare su ta zaren auduga sirara, yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. A saman akwatin faifan akwai ƙananan mazurarai, nan ake zubawa, daga nan ya bi ta kwarin da ke ciki, zaren su sha su kai wa kowane bushin. Tafiyar tana da nisa kuma a hankali take yi. Ogan ɗin da ya daɗe a bushe yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin man ya kai ko'ina. Mutum sai ya zuba yau, gobe ya kunna ya ji ƙara kamar kukan ƙofa, ya ce bai isa ba, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Wani kuma ya ɗauko baƙin mai na mota, ko giris, ko abin fesawa na kwance tsatsa. Mai kauri yana toshe zaren, kuma zaren da ya toshe ba ya sake sha, sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya a wanke, aikin da ke cin watanni. A nemi man da aka yi domin Hammond, siriri ne kamar ruwa, a zuba kaɗan sau ɗaya a shekara. Ɗan kaskon da ke kan injin juyawa yana da ƙyalle a ciki, jiƙa shi kawai ake yi, ba a cika shi. Idan ya yi yawa, man yana gangarawa cikin na'urar da ke sa murya karkarwa, sai ka ji sautin yana tsinkewa kamar injin kwalekwale. Idan sandar faifan ta ƙi juyawa, ka zuba mai, ka riƙa murza ta da yatsa a hankali kowace rana. Kada filaya ta kusance ta.

Akwai wasu notuna huɗu a ƙarƙashin akwatin faifan. Shi akwatin a kan sifirin yake rataye don kada gurnaninsa ya shiga katako. Ana ɗaure notunan idan za a yi tafiya da ogan, ana sassauta su idan ya zauna. Wanda ya ɗauke shi a kan hanyoyinmu bai ɗaure ba, zai iske wayoyi sun tsinke. Nauyinsa ma, ba tare da benci da madannan ƙafa ba, ya kai kilo 140, ba kayan mutum biyu ba ne.

Madanni da ya yi shiru ko ya rasa wani sashe na muryarsa yakan sa mutum ɗauko sanfefa. Kada ka yi. A ƙarƙashin kowane madanni akwai bakin waya tara, an lulluɓe su da ƙarfe mai daraja siriri ƙwarai, gogawa ɗaya ta cire shi. Yawanci ƙura ce kawai, ta hunturu ko ta ajiya, kuma bubbuga madannin da sauri sau ashirin ko talatin yana kore ta. Abin da ya cancanci tsoro na gaske soso ne. Daga wajen 1964 an riƙa sa soso a maimakon ƙyallen ulu don tare ƙura a akwatin madannai. Da shekaru yana narkewa ya zama baƙin danƙo, ya ci wayoyin da ke wurin, waɗanda sirantarsu ta kai ta gashin kai. Cire shi aikin mai haƙuri ne da hannu mara rawa, kuma ba shi ne ya kamata ya zama aikinka na farko a kan ogan ba.

Sandunan maganaɗisun da ke leƙowa daga gefen akwatin faifan kuwa, a masana'anta aka saita nisan kowacce da faifanta. Wanda ya matsa da su don ƙara ƙarfin murya ya rusa daidaiton, idan ma sandar ba ta daki faifan ba. Muryar da ta dushe a ogan na kafin 1964 sau da yawa daga kwandansan takarda da kakin zuma take, su ne suka sauya da tsufa.

B-3 ba shi da lasifika a jikinsa, shi ya sa ake haɗa shi da akwatin Leslie mai ƙaho mai juyawa. Samfurin 122 da 147 duk fulogi mai ƙafa shida suke da shi, ido ba ya bambance su, amma haɗin cikinsu daban ne, kuma wutar gari tana bi ta cikin igiyar. Ka tabbatar da wane haɗi aka yi wa ogan ɗinka kafin ka cusa.

Idan duk wannan ya kammala, man ya samu lokacinsa, sandar tana juyawa da yatsa ba tirjiya, sai ranar kunnawa. Makunni biyu ne. Ka ɗaga wanda aka rubuta wa Start ka riƙe kamar daƙiƙa takwas har gudun ya daidaita, ka ɗaga Run kana riƙe da na farkon wasu daƙiƙa huɗu, sannan ka saki Start. Ka ba bawul ɗin rabin minti su yi ɗumi. Hannunka ɗaya ya tsaya kusa da fulogi, hancinka yana sauraron warin ƙuna. Sai ka jawo sandar murya guda ɗaya tak, daga cikin waɗanda ke jere a saman madannai don haɗa sauti, ka bi madannan daga ƙasa zuwa sama, kana rubuta a takarda duk wanda bai amsa ba.